Buɗe manhajoji masu taga a cikin kwantena: amsa ga mai cibiyar kwamfuta a Ringim

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da wata ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim. Muna da tsofaffin kwamfutoci 12 'yan gwanjo, kowacce RAM ɗinta 4GB, sai guda ɗaya mai 16GB da nake aiki a kanta. Duka Linux Mint muka sa musu. Damuwata ita ce ɗalibai suna dagula saiti, kullum sai na zauna gyara. Wani ya ce in sa manhajojin a cikin Docker, wani kuma ya ce Docker na saba ne kawai, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, ba ya buɗe abu mai taga. Wanne ne gaskiya? Kuma CorelDRAW zai yi a ciki? Data tana mana tsada, wutarmu kuma sola ce.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa cibiyar albarka. Yana yiwuwa, kuma 4GB ya isa. Sai dai wanda ya ce maka Docker na saba ne akwai inda maganarsa ta samo tushe, domin kwantena, wato keɓaɓɓen akwatin da Docker ke gudanar da manhaja a cikinsa, ba ta zuwa da allo. Ba ta da lasifika, ba ta san da firinta ba, ba ta ma san akwai mutum zaune a gaban kwamfutar ba. Duk abin da manhaja mai taga take buƙata sai ka miƙa mata shi da hannunka, ɗaya bayan ɗaya, kuma duk abin da ka miƙa ya rage wani abu daga katangar da ka shiga kwantenar dominta.

Bari mu sallami maganar CorelDRAW tun da wuri: ba zai yi ba. Kwantena ba kwamfuta ce a cikin kwamfuta irin ta VirtualBox ba. Manhajar da ke cikinta tana gudana ne a kan zuciyar Linux ɗin da ke kan injin, wato kanel, sai dai an sakar mata labule ta daina ganin fayiloli da manhajojin waje, an kuma auna mata rabonta na RAM da furosesa ta hanyar cgroups, wanda ya shiga Linux tun 2008, shekara 5 kafin Docker ya fito a 2013. Dalilin rashin nauyinta ke nan, babu wani tsarin aiki na biyu da za a tayar ya lashe rabin RAM kafin a fara komai. Shi ne kuma dalilin da ya sa manhajar Windows ba ta da wurin tsayawa a ciki. Akwai Wine da ke buɗe wasu manhajojin Windows a kan Linux, amma ba abin da za ka ɗora katin ɗaurin auren kwastoma a kansa ba ne. Ka bar kwamfuta ɗaya da Windows saboda CorelDRAW da na'urar ɗaukar zanen yatsa in kana yi wa mutane rajista, ɗalibai kuma su koyi Inkscape da GIMP, waɗanda suke tafiya lafiya a kwantena.

Abu na biyu, a kan kwamfutocin ɗalibai ka yi amfani da Podman maimakon Docker. Umarninsu kusan iri ɗaya ne, imej ɗinsu, wato ƙunshin da ake tayar da kwantena daga gare shi, ma ɗaya ne. Bambancin shi ne Docker yana aiki ta wani mai hidima da ke gudana da ikon root, wato asusun da ke da cikakken iko a kan injin, kuma duk wanda ka sa a rukunin docker domin ya iya buɗe kwantena, to ka miƙa masa makullin gidan gaba ɗaya: da layi guda zai ɗaura dukkan faifan kwamfutar a cikin kwantena ya goge abin da ya ga dama. An gudu ba a tsira ba ke nan. Podman kuwa yana gudana da ikon mai asusun kawai. A Mint, sudo apt install podman ya wadatar.

Sai imej. Ka ɗauke shi kamar mol ɗin buga bulo, kwantena kuma ita ce bulon: mol ɗaya, ka buga bulo ko nawa ne, wanda ya fashe ka jefar ka buga wani. Buɗe folda, ka rubuta fayil mai suna Containerfile da waɗannan layuka:

FROM docker.io/library/debian:bookworm-slim
RUN apt-get update && apt-get install -y --no-install-recommends libreoffice-writer libreoffice-calc libreoffice-impress libreoffice-gtk3 fonts-dejavu fonts-sil-alkalami dbus-x11 tzdata x11-apps && rm -rf /var/lib/apt/lists/*
ENV LANG=C.UTF-8 TZ=Africa/Lagos
CMD ["libreoffice"]

Daga nan sai podman build -t ofis . da ɗigon nan na ƙarshe, wanda ke nufin foldar da kake ciki.

Kowane layi a nan da dalilinsa. Mun zaɓi Debian ba Ubuntu ba saboda ranar da za ka gina imej na burauza, a Ubuntu apt, mai sauko da manhajoji, ba ya ba ka Firefox ko Chromium na ainihi, ɗan aike yake ba ka zuwa snap, wani tsarin sa manhaja na daban, shi kuma snap ba ya tashi a kwantena ta yau da kullum. A Debian firefox-esr da chromium suna nan kai tsaye. Kalmar --no-install-recommends ita ce mai tsare maka data, tana hana apt jawo kayan da ba dole ba. Amma tana da nata sharrin: imej siriri ba ya zuwa da haruffa ko ɗaya, kuma in ka manta fonts-dejavu, ɗalibi zai iya buga ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ ya ga ƙananan akwatuna a maimakonsu. Alkalami kuwa salon rubutun ajami ne da ƙungiyar harsuna ta SIL ta tsara bisa hannun Kano, zai amfani masu buga darussan Islamiyya. In ba ka sa LANG=C.UTF-8 ba, fayil mai suna "Ƙa'idoji" zai riƙa fitowa da alamomin tambaya a wasu manhajoji. In ba ka sa TZ ba, agogon ciki zai yi baya da awa ɗaya, tun da kwantena a kan lokacin UTC take tashi.

In ginin ya tsaya da ƙorafin satifiket, ko apt ya ce fayil ɗin Release bai fara aiki ba tukuna, kada ka zargi netwok. Duba kwanan watan kwamfutar. Tsofaffin injuna batirin agogonsu, wannan ɗan zagayayyen CR2032 da ke kan madabod, yakan mutu, sai kwamfutar ta tashi tana zaton shekaru goma baya ake ciki. Kwantena ba ta da agogon kanta, na injin take kallo. In ka shiga Kano ka sayo dozin a Farm Centre ka huta.

Yanzu allo, inda gizo ke saƙa. A Linux manhaja ba ta zana tagarta da kanta. Saƙo take aika wa mai kula da allo, shi ya zana, shi kuma ya dawo mata da labarin abin da aka danna a kibod da linzami. Masu kula da allon iri biyu ne: X11, wanda yake nan tun 1987, da Wayland, wanda ya kai sigar 1.0 a 2012. Buga echo $XDG_SESSION_TYPE ka ga wanda kake kai. A Mint, x11 za ka gani. Shi X11 yana sauraro ne ta wani soket, wato fayil na musamman da manhajoji ke magana ta cikinsa, a /tmp/.X11-unix/X0. Kwantena na buƙatar abu uku: soket ɗin, lambar allon da ke cikin DISPLAY, da izinin shiga.

xhost +si:localuser:$USER

podman run --rm --userns=keep-id --hostname cibiya --ipc=host --network=none --memory=1500m -e DISPLAY -e HOME=/tmp -v /tmp/.X11-unix:/tmp/.X11-unix:ro -v $HOME/Takardu:/tmp/Takardu -v /run/cups/cups.sock:/run/cups/cups.sock ofis

Ka fara ƙirƙirar foldar Takardu kafin ka buga wannan, domin Podman ba ya ƙirƙira ta da kansa, tsayawa zai yi ya ce bai gan ta ba. A gwajin farko kuma ka ƙara kalmar xeyes a ƙarshen layin. In idanu biyu suka fito suna bin linzami, to hanyar allo ta buɗe, duk matsalar da ta biyo baya ba daga nan take ba.

In ka ga "cannot open display", ko dai DISPLAY bai shiga ba ko soket ɗin ne ba a ɗaura ba. In ka ga "Authorization required", saƙo ya isa amma an hana shi shiga, wato layin xhost ne ba a buga ba, kuma shi sai an maimaita shi duk lokacin da aka sake shiga asusu, don haka ka sa shi cikin abubuwan da ke tashi da kansu. Za ka ci karo da masu cewa a buga xhost + kawai. Kada ka yi. Wannan cire ƙyauren ne ɗungurungum, alhali wanda muka rubuta mai asusun kaɗai yake bari. Kuma --userns=keep-id shi ke sa manhajar ciki ta ɗauki lambar asusunka, yawanci 1000, ta yadda fayil ɗin da ɗalibi ya ajiye zai fito a waje da sunansa. Masu Docker da suka manta da --user sun san wannan ciwon: takardu su fito mallakin root da alamar kwaɗo a kansu, mai su ya kasa gogewa.

Shi kuwa --ipc=host maganin wata cuta ce mai ruɗa mutane. Domin sauri, manhaja da X11 sukan yi tarayya a wani yanki na RAM, ita ta zuba hoto shi ya ɗauka. Labulen kwantena yana raba su da wannan yankin, sai taga ta fito baƙa ƙirin, ko ta yi dabbare-dabbare, ko manhajar ta faɗi da kalmar BadAccess ko BadShmSeg. Akwai 'yar uwarta da ke kama burauza: wurin /dev/shm a kwantena 64MB kacal ake ba shi, Chromium kuwa da ka buɗe shafuka masu nauyi sai ya cika shi, shafi ya mutu ba gaira ba dalili. In ka sa --ipc=host ka kashe tsuntsu biyu, tun da /dev/shm na injin za a yi amfani da shi. In ba ka sa ba, to --shm-size=1g. Ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa su.

Maganin damuwarka ta asali yana cikin --rm da HOME=/tmp. Na farkon yana nufin da an rufe manhaja a share kwantenar. Na biyun yana sa duk saitin da ɗalibi ya taɓa, ya ɓoye sandar kayan aiki ne ko ya juya harshen manhajar, ya zauna a cikin kwantenar, a share shi tare da ita. Mai zuwa bayansa sabon bulo zai tarar. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe: sai su ɗaura dukkan foldar gida a matsayin HOME domin kada aiki ya ɓace, to ai saitin ma a foldar gida yake, a .config, ɓarnar jiya sai ta kwana ta tashi da su. Takardu kaɗai za ka ɗaura. Farashin wannan dabara kuwa shi ne duk abin da aka ajiye a wajen Takardu ya tafi ke nan, ko da kuka. Ka rubuta wannan da alli a bango. In kana son LibreOffice ya riƙa buɗe Takardu da kansa wajen ajiya, ka saita shi sau ɗaya, ka kwafo foldar .config/libreoffice daga kwantenar tun tana buɗe da podman cp, ka shigar da ita imej da layin COPY zuwa /tmp/.config, ka bi ta da chmod -R a+rwX domin asusun ɗalibi ya iya rubutu a kanta.

Sauran layin ba su da wuya. Da --network=none manhajar ofis ba ta ga intanet ba balle ta sha data. Da --memory=1500m ba za ta wuce rabonta ta daskarar da injin ba. In manhaja ta ɓace farat ɗaya ka ga lambar fita 137, kanel ne ya kashe ta saboda ta kai iyakar, sai ka ƙara mata. Soket ɗin cups, tsarin buga takardu na Linux, kuma shi ke kawo firinta: duk firintar da aka saita a injin za ta bayyana a ciki ba tare da sa direba a kwantena ba.

Murya da katin zane sai imej ɗin burauza ko na kallon bidiyo suke buƙatarsu. Don murya, ka sa libpulse0 a imej, ka ƙara -v /run/user/1000/pulse/native:/tmp/pulse da -e PULSE_SERVER=unix:/tmp/pulse. Ko injin ya koma sabon tsarin murya na PipeWire, kamar Mint 22, soket ɗin yana nan a wurinsa da wannan sunan. Ka tabbatar da lambar 1000 ta hanyar id -u, domin asusu na biyu 1001 ne. Don katin zane, --device /dev/dri, sannan libgl1-mesa-dri da mesa-utils a imej. Buga glxinfo -B daga ciki. In ka ga sunan Intel ko AMD, an dace. In ka ga llvmpipe, to furosesa ce ke yin aikin katin zane, abin da zai sa bidiyo ya riƙa tsinkewa, fanka ta yi ta kuka, batirin sola ya yi ta sauka, ga zafin bazara ga ƙurar da ta toshe iska. Yawanci izini ne ya hana: fayil ɗin renderD128 na rukunin render ne, sai ka sa asusun a wannan rukuni ka ƙara --group-add keep-groups. Katin NVIDIA yana da nasa kayan haɗi daban, amma irin injunan ofis 'yan gwanjo galibi na Intel ne a jikinsu.

Akwai gaskiyar da ya kamata ka sani game da X11. An gina shi a zamanin da ake ganin duk manhajar da ta shigo allo 'yar gida ce. Wadda aka ba izini tana iya jin abin da ake bugawa a wasu tagogi, ta ɗauki hoton allo, har ta aika dannawa ta ƙarya. Saboda haka kwantenar da ka miƙa wa soket ɗin X0 tana kare ka daga dagula saiti, amma ba ta kare ka daga muguwar manhaja mai satar kalmar sirri. Ga LibreOffice da GIMP daga ma'ajiyar Debian wannan ba abin damuwa ba ne. Ga wani abu da aka sauko da shi daga inda ba ka sani ba, musamman a kwamfutar da kake shiga asusun banki, ka yi masa allon kansa. Sa xserver-xephyr, ka buga Xephyr :5 -screen 1280x720 & sannan ka ba kwantenar DISPLAY=:5 ka ɗaura mata /tmp/.X11-unix/X5 shi kaɗai. Taga ɗaya za ta fito, manhajar tana ciki kamar akuya a turke, ba ta ganin komai a waje. Za ka buƙaci ƙaramin mai tsara tagogi irin openbox a ciki, in ba haka ba tagogin ba su da kan da za a ja. Manhajar x11docker wannan aikin take yi da umarni guda, tana kuma aiki da Podman. A Wayland an toshe wannan ɓaraka tun daga tushe, kuma hanyar kusan ɗaya ce: a ɗaura /run/user/1000/wayland-0, a ba da WAYLAND_DISPLAY da XDG_RUNTIME_DIR.

Duk wannan hanya ɗaya ce, kowace kwamfuta da kwantenarta. Akwai ta biyu: babbar kwamfutarka ta ɗauki kwantena 12, kowacce da allon ƙarya a cikinta, ana aika hotonsa ta kebul da tsarin VNC, ɗalibi ya buɗe burauza ya gani ta noVNC, manhajar da ke nuna VNC a burauza. Akwai imej da aka riga aka haɗa haka, misali jlesage/firefox, wanda ke ba da allonsa a ƙofa mai lamba 5800. Za ka ba ɗalibi na ɗaya -p 5801:5800, na biyu -p 5802:5800, har zuwa 5812, kowa da foldarsa, kowa ya shiga da adireshin babbar kwamfutar da lambar ƙofarsa. Abin sha'awa ne, domin ko wayar hannu ko tsohon kwamfutar da ke da 1GB za ta iya.

Amma a halin da kake ciki ba mu ba ka shawarar ta ba, kuma lissafi ne ya hana. Cire 2GB na injin daga 16, saura 14, raba wa mutum 12, kowa ya tashi da kaɗan sama da 1GB. Ya isa rubutu, ya yi wa burauza kaɗan. A gefe guda kuma ga 48GB zaune a kwamfutocin ɗalibai ba sa komai sai nuna hoto, ga furosesa 12 suna hamma guda ɗaya tana gumi. Sai kebul: allo mai 1366 da 768 ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai ne, kowane ɗigo bayit 3, wato kusan 3MB a hoto guda, sau 30 a daƙiƙa ya haura 90MB. VNC yana matse wannan sosai, kuma abin da ya canza kawai yake aikawa, shi ya sa rubutu ke tafiya sumul. Bidiyo kuwa komai canzawa yake, mutum 12 a kan tsohon swic mai 100Mbps ko a kan Wi-Fi sai ka ji ana ta salati. VNC na asali kuma ba ya ɗaukar murya. Uwa uba, ranar da babbar kwamfutar ta mutu, aji gaba ɗaya ya tashi. Ka ajiye wannan hanya don manhaja ɗaya mai nauyi da mutum biyu ko uku za su taɓa a lokaci guda. In ka yi ta, sa kalmar sirri, ka tuna VNC na gargajiya haruffa 8 na farko kawai yake dubawa, kuma kada ka buɗe waɗannan ƙofofin a rauta zuwa intanet.

Maganar data tana da sauƙi fiye da yadda ake zato. Tushen Debian siriri kusan 30MB ne wajen saukewa, kayan LibreOffice kuma 'yan ɗaruruwan megabayit. Sau ɗaya za ka biya. Ka gina a babbar kwamfutar da datar dare, sannan podman save -o ofis.tar ofis, ka zuba a filash, a kowace kwamfuta podman load -i ofis.tar. Ko megabayit ɗaya ba za su sha ba. Ka lura filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce 4GB, in ka haɗa manhajoji da yawa sai ka mai da shi exFAT. Ka lura kuma Podman yana ajiye imej a gidan kowane asusu, a .local/share/containers. In kowane ɗalibi da asusunsa, faifan zai cika da kwafi iri ɗaya, kuma imej ɗin da ka loda a asusunka ba za a gan shi a nasu ba. Asusu ɗaya mai suna dalibi a kowace kwamfuta, marar ikon sudo, shi ya fi. Imej kuma ba ya sabunta kansa, sabuntawar Mint ba ta shiga cikinsa. Na ofis da ba ya ganin intanet zai iya yin zango guda ba a taɓa shi ba. Na burauza kuwa ka sake gina shi duk wata da --no-cache, in ba haka ba Podman zai ɗauko tsohon ginin ya ce ya gama.

Ɗaukewar wuta tana da nata tarkon. LibreOffice yana ajiye ɓoyayyen fayil mai farawa da .~lock kusa da takardar da aka buɗe, da sunan mai ita da sunan injin a ciki. Chromium ma yana yin irin haka a foldarsa. Kwantena kuwa duk tashi sabon suna take ɗauka na haruffa barkatai. In batir ya sauka inbata ta yanke, makullin yana nan, da aka dawo manhajar ta ga sunan wani injin daban, sai ta ce wani yana amfani da takardar. Amfanin --hostname cibiya ke nan, suna ɗaya kullum. In duk da haka ta ƙi, ls -a a cikin Takardu, ka goge makullin. Wani abin da za ka rasa shi ne ceton da LibreOffice ke yi wa takardar da ba a ajiye ba, domin bayanan ceton a foldar saiti suke, ita kuwa mun ce ta tafi da kwantenar. A wurin da wuta ke yankewa ba sallama, Ctrl+S ya zama darasin ranar farko. Bayan irin wannan yankewa ka duba podman ps -a, gawarwakin kwantenar da ba su samu damar share kansu ba ka kwashe su da podman rm -a, faifai ya numfasa.

Ɗalibi ba zai buga wannan dogon layi ba, ba ma a so ya gan shi. Zuba shi a fayil /usr/local/bin/ofis, ka ba shi chmod 755, sannan ka rubuta ofis.desktop a /usr/share/applications da layukan [Desktop Entry], Type=Application, Name=Ofis, da Exec=/usr/local/bin/ofis. Zai fito a jerin manhajoji kamar kowace, kuma tun da fayilolin biyu na root ne, ɗalibi ba ya iya taɓa su. Ka cire LibreOffice na asali da ya zo da Mint, in ba haka ba shi za su riƙa buɗewa.

Za ka ji ana yabon Distrobox, wanda ke ɗaura allo da murya da katin zane duka da kansa. Yana da kyau ga kai da kake son gwada sabuwar manhaja ba tare da taɓa tsarinka ba. Ga ɗalibai bai dace ba, domin da gangan yake ɗaura foldar gida a cikin kwantenar, ɓarnar saitin da kake gudu tana nan daram.

Sai dai ka tambayi kanka wane saiti ne ake dagulawa. Kwantena manhajar da ke cikinta take karewa. Ɗalibin da ya goge sandar ƙasa ta Cinnamon, wato fuskar allon Mint, ko ya kifar da allo, ko ya sauya tsarin kibod, a wajen kwantena ya yi ɓarnarsa. In yawancin gyaran da kake yi irin wannan ne, Mint yana da zaman baƙo a saitin tagar shiga: ka kunna shi, duk wanda ya shiga a baƙo da ya fita komai ya koma yadda yake, ba ka kashe ko kwabo na data ba. Ka haɗa da Timeshift, wanda shi ma da Mint yake zuwa, ka ɗauki hoton tsarin ranar da komai ke lafiya. Kwantena tana biyan kuɗin sabulunta ne in kana son kwamfutoci 12 su zama sigar manhaja ɗaya sak daga filash guda, ko kana son hana wata manhaja intanet, ko wata tsohuwar manhaja da ba ta jituwa da sabon Mint. Zaman baƙo da Podman ba sa tafiya tare da daɗi, tun da gidan baƙo sharewa ake yi da imej ɗin da ke cikinsa, don haka a kowace kwamfuta ɗaya za ka zaɓa.

Ka fara da kwamfuta guda, ka bar ɗalibai su yi mako suna murza ta kafin ka zagaya da filash. Kafin ka kira ta gama, buga setxkbmap ng hausa a waje, domin tsarin kibod na X11 ne ba na kwantena ba, ka buɗe Writer a ciki, ka rubuta "ƙwaƙwalwa", "ɗanɗano" da "ɓarawo", ka ajiye a Takardu da suna mai ƙ, ka tura firinta, ka rufe, ka sake buɗewa ka ga fayil ɗin yana nan kuma saitin ya koma sabo.